Kyanwa mai ciwon sukari a Yamai: allura, abinci, da abin yi idan sukari ya faɗi

Galibi daga kwanon ruwa ake fara gane abin. Kyanwar da a da sai ta ɗan lasa ta wuce, yanzu ta tare a gindin randa ko bakin famfo tana jiran ɗigo. Inda take fitsari ya jiƙe sharkaf, wani lokaci har tururuwa na taruwa a wurin. Ga ci kamar gara, amma ƙashin bayanta sai ƙara fitowa yake. A Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, mai gida kan ɗora laifin a kan bazara, har ranar da likitan dabbobi ya auna jini ya ce ciwon sukari ne. Wannan bayani na wanda ya dawo gida ne da takardar magani a hannu, bai san ta inda zai fara ba.

Ciwon kyanwa, ko mussa kamar yadda ake kiranta a Tawa da Adar, ya fi kama da wanda ke samun manya a cikin mutane: jiki na yin insulin, wato sinadarin da ke janye sukari daga jini zuwa naman jiki, amma bai isa ba, ko kuma naman jiki ya daina sauraronsa. Ya fi kama wadda ta manyanta, da mai ƙiba, da muzurun da aka dandaƙe. Akwai kuma magunguna iri biyu da ke jawo shi, allura ko ƙwayar kotizon da ake bayarwa don ƙaiƙayi, da ƙwayoyin hana kyanwa neman namiji masu ɗauke da sinadarin megestrol. Idan tana shan ɗayansu a faɗa wa likita tun ranar farko, domin wani lokaci cire su kaɗai rabin magani ne. A kuma tabbata ba da awo ɗaya aka yanke hukunci ba. Kyanwar da aka sa a kwali aka ratsa gari da ita a kan babur, tsoro kaɗai na iya ɗaga sukarinta sama ƙwarai. Shi ya sa ake haɗawa da awon fitsarin da aka tara a gida, ko awon furuktosamin, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kimanin mako biyu da suka wuce.

Insulin da sirinjinsa

A nan ne kuskuren da ya fi kisa yake, don haka a karanta a tsanake. Ana auna insulin da yunit, abin da ake rubutawa UI a jikin kwalba. Na dabbobi, wato Caninsulin da ProZinc, yunit 40 ne a cikin mililita ɗaya. Na mutane, irin su Lantus, wanda likitocin dabbobi ke yawan rubuta wa kyanwa don yana daɗewa a jikinta, yunit 100 ne a mililita ɗaya. Kowanne da sirinjinsa: U-40 ko U-100, a rubuce yake a jikin sirinji da ledarsa. Idan aka ja Lantus da sirinjin U-40 zuwa lamba 2, abin da ya shiga jikin kyanwa yunit 5 ne, ninki biyu da rabi, kuma wannan ya isa ya kai ta ga suma. Idan kuma Caninsulin aka ja da sirinjin U-100 zuwa lamba 2, ko yunit ɗaya bai cika ba, sai a yi ta mamakin me ya hana magani aiki. Sirinjin insulin da ake sayarwa a farmasin mutane galibi U-100 ne. Duk ranar da za a sayi sabo, a tafi da kwalin insulin ɗin a hannu, a daidaita lambobin biyu a gaban mai sayarwa. A nemi ƙaramin sirinji mai cin mililita 0.3, in da hali mai zanen rabin yunit, domin a babban sirinji tsakanin yunit ɗaya da biyu bai wuce kaurin zare ba.

Likita ne ke yanke yawan da za a yi. Yawanci ana farawa da yunit 1 zuwa 2, sau biyu a rana, kuma ba a ƙarawa sai an yi kwana 5 zuwa 7 a kan adadi ɗaya, don jiki bai daidaita da sabon awo kafin nan. Mai gida kada ya ƙara da kansa don ya ga lamba ta yi sama yau.

Idan Lantus ne, ɗan bututun nan mai mililita 3 ya fi kwalbar mililita 10 riba. Yunit 300 ke cikinsa, kyanwa mai karɓar yunit 2 safe da yamma kuwa yunit 4 take ci a rana, ka ga tun kafin ya ƙare kwanakinsa sun ƙare. Takardar kamfani ta ce kwana 28 bayan buɗewa. Likitocin dabbobi da dama sukan yarda a wuce haka idan bai taɓa barin sanyi ba, amma a garin da wuta ke ɗaukewa da tsakar rana, wannan rangwamen ba abin dogaro ba ne. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwali da biro.

Wurin ajiyarsa cikin firigo, tsakanin digiri 2 da 8, a shiryayyen tsakiya. Ƙofa na yawan buɗewa, bangon baya kuma na daskarar da abu, insulin ɗin da ya daskare kuwa ya mutu ko da ya narke ya koma kamar da. Idan wuta ta ɗauke na awa biyu ko uku, a bar firigo a rufe, shi ke nan. Idan abin ya yi tsawo, a naɗe kwalbar a tsumma a sa a kula mai ƙanƙara, kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Inda babu firigo sam, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke ratsawa, kwalbar kuma tana cikin gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Wannan dabara ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne. Wani bincike da Jami'ar Janeba ta yi tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda ya fito a 2021, ya nuna insulin na mutane na riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai ɗaki mai rufin kwano a watan Mayu yana wuce haka, balle akwatin babur ko cikin motar da aka ajiye a rana.

Kafin a ja, a ɗaga kwalbar a duba. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, in ya yi duhu-duhu ko an ga wani abu na yawo ciki a zubar. ProZinc ana murza shi a hankali tsakanin tafin hannu biyu. Caninsulin ana girgiza shi har ya zama fari bai ɗaya kamar madara, in gudaji sun ƙi bajewa ya lalace.

Allurar kanta ba ta da wuya, tsoronta ne ya fi ta girma. A ajiye mata abinci, a bari ta fara ci. A ja maganin, a ɗaga sirinji tsininsa na kallon sama, a ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ƙwayar iska ta hau, a tura ta waje, a sake duba lamba a wuri mai haske. Da hannu ɗaya a tsinko fatar gefen haƙarƙari ko kwiɓi a ɗaga ta kamar ƴar rumfa, a soka allurar a gindin rumfar tana bin tsawon jiki, a tura duka, a zare. Ba a buƙatar goge wurin da alkol, zafi kawai zai ƙara mata ta tsani abin. Yau dama, gobe hagu, ana ɗan gusawa, domin wurin da ake ta soka kullum yakan yi tauri ya daina shan magani daidai. Sai a shafa gashin wurin. Idan an ji danshi, ko ƙamshin insulin mai kama da na asibiti, allurar ta huda fata ta fita ta ɗaya gefen. Kada a sake yi. Ba wanda ya san nawa ya shiga, kuma rashin allura ɗaya ba ya kashe kyanwa, amma ninki biyu na iya kashewa. Haka ma idan an manta, ko ana shakkar an yi ko ba a yi ba: a jira lokaci na gaba. Sirinjin da aka gama da shi a jefa cikin butalin roba mai murfi, a kai wa likita ko asibiti in ya cika, don yara da masu tonon bola kada su soke.

Tsakanin allura da allura awa 12. Mutane sukan so haɗa ta da asuba da magariba don kada a manta, amma tazarar waɗannan biyun takan haura awa 13 a mafi yawan watanni, tana kuma canzawa da lokacin shekara. A bi agogo, kamar bakwai na safe da bakwai na yamma, a sa ƙararrawa a waya. Jinkirin awa ɗaya ba komai. In azumi ya zo ana son sauya lokaci, a riƙa gusawa da kamar rabin awa a rana.

Abin da za ta ci

Kyanwa maciyar nama ce. Abin da kuwa aka saba zuba mata a gidajenmu, ragowar shinkafa da miya, tuwo, burodi a shayi, fura, duk gari ne da ke komawa sukari a jini. Su ne abin da za a janye. Abincin kyanwa na gwangwani mai laushi ya fi busasshen na buhu, don na buhu da hatsi ake ɗaure shi. Wanda ba zai iya sayen na gwangwani kullum ba yana iya dafa naman kaza, rago ko saniya a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa na farfasa ƙwayoyin jininta. Saboda haka kilishi, tsire da balangu duk ba nata ba ne. A bar mata romon, a riƙa haɗawa da zuciya, wadda ke ɗauke da wani sinadari mai suna taurine da idonta da zuciyarta ke buƙata. Hanta kaɗan, ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako, yawanta na lalata ƙashi. Tsoka zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi, sai a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lilis, a zuba kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Kifi a dafa shi, a cire ƙaya, kada kuma ya zama shi ne abincin kullum. Wannan girki na riƙe ta na ɗan lokaci, amma in za a daɗe a kansa a nuna wa likita ya ga abin da ya rage a ƙara.

Sauya abinci a yi shi cikin kamar mako ɗaya, kuma da sanin likita, ga dalili: da zarar an janye shinkafa, buƙatarta ta insulin na raguwa, wani lokaci cikin ƴan kwanaki. Yunit 2 da ya dace jiya yana iya yin yawa jibi. Mai ƙiba a rage ta sannu, kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako, wato giram 50 ga mai kilo 5. Kada a taɓa horar da ita da yunwa. Kyanwar da ta yi kwana biyu ko uku ba ci, kitse na taruwa a hantarta, kuma wannan ciwon ya fi na farko wuyar magani.

Akwai batun yawo. Wadda ke tsallake katanga tana cin ragowar tuwo a maƙwabta, ba a san abin da ta ci ba, ba a kuma same ta a lokacin allura ba, in sukari ya faɗi mata a kan rufin wani ba mai gani. A watannin farko a tsare ta a gida. Wasu na jin nauyin haka saboda hadisin matar da aka azabtar kan kyanwar da ta kulle. Waccan ta hana ta ci ne, ta kuma hana ta fita nema. Wadda aka tsare a inuwa da abinci da ruwa domin a yi mata magani, kulawa aka yi mata. Ruwa kuwa kada a taɓa rage mata shi don fitsari ya yi yawa, sai dai a ƙara kwano.

Awo a gida

A tanadi ɗan littafi. Kullum a rubuta lokacin allura, yunit nawa, ta ci ko ba ta ci ba, da ruwan da ta sha. Awon ruwa da sauƙi: a zuba adadi sananne da safe, gobe da safe a auna saura. Iska na shan nata rabon da rani, don haka ba lambar rana ɗaya ake kallo ba, ana duba ko shan na raguwa mako bayan mako. Sau ɗaya a mako a hau sikeli da ita a hannu, a sake hawa ba ita, a debe.

Injin awon sukari na mutane yana aiki, sai dai yakan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa. A ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi na minti ɗaya, a haska tocila ta bayansa za a ga siririyar jijiya na bin gefe. A tokare kunnen da auduga, a ɗan soka a gefen, ɗigo ya taru, a kai bakin takardar awo ta tsotsa, a matse wurin na ɗan lokaci. Sau uku na farko galibi jini ba ya fitowa, kusan kullum don kunnen bai ɗumama ba ne. A duba ma'aunin injin: 100 mg/dL shi ne 1 g/L da ake gani a takardun ɗakin awo a Nijar, in kuma mmol/L yake nunawa a ninka da 18 a samu mg/dL, ma'aunin lambobin da za a ambata nan gaba. Abin da ake nema shi ne mafi ƙasan lambar yini ta tsaya tsakanin 80 da 150, sauran yini kuma ƙasa da kimanin 250 zuwa 300. Don a gano mafi ƙasan, bayan mako ɗaya da fara magani ko sauya adadi a ware rana guda ana awo duk awa 2 zuwa 3 daga allurar safe zuwa ta yamma, a aika wa likita hoton shafin. Lamba mai tsawo da safe ba kullum take nufin insulin ya yi kaɗan ba. Wani lokaci ya yi yawa ne, sukari ya faɗi cikin dare, jiki ya mayar da martani ya harba shi sama. A tambayi likita wace lamba ce in an gan ta kafin allura za a dakata a kira shi, da yawa sukan sa ta tsakanin 150 da 200.

Idan sukari ya faɗi

Hawan sukari yana ba da lokaci, faɗuwarsa ba ta bayarwa. Alamunta: kasala ta farat ɗaya, tangaɗi kamar ƙafafu ba nata ba, baƙin ido ya buɗe, kuka na daban, karkarwa, kallon bango, daga nan shure-shure da suma. Duk lambar da ta gaza 70 a ɗauke ta a matsayin faɗuwa, ko da kyanwar na tafiya lafiya. In tana iya ci, a ba ta abinci nan take. In ba ta iya ba, a lakato zuma a shafa a dasashinta da cikin kumatu, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ga mai kilo 4 zuwa 5, kaɗan-kaɗan. Babu zuma, a dama sukari da ɗigon ruwa ya yi kauri. Ko zumar da ake zargin an haɗa da sukari ce, a wannan lokacin ta wadatar. Kada a ɗura mata ruwa a baki tana sume, zai tafi huhu, a kuma kula da yatsa in tana shure-shure. A sake awo bayan minti 15 zuwa 20, ta farfaɗo a ba ta nama, sannan a kai ta wurin likita ko da ta miƙe, domin zuma na ƙarewa a jini tun insulin bai gama aikinsa ba. Allura ta gaba ba a yin ta sai da izininsa.

Ranar da ta ƙi ci sam, ko tana amai, kada a yi cikakkiyar allura kafin a ji ta bakin likita, yakan ce a yi rabi ko a tsallake. A tsoma takardar awon fitsari mai nuna keton, wadda ake samu a farmasi. Keton wani sinadari ne da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci. Tara fitsarin ba wuya: a cire yashi daga bahon da take fitsari a ciki, a zuba wankakkiyar tsakuwa wadda ba ta shan ruwa, in ta yi a karkata bahon. Keton a fitsari tare da ƙin ci, amai da kwanciya alama ce jini ya fara tsami, kuma maganinsa ƙarin ruwa ne da insulin a hannun likita a ranar, gida ba ya iyawa.

Kada a ba ta ƙwayoyin ciwon sukari na mutane, ko jiƙon maɗaci, zogale da sauran saiwoyi, ba sa maye gurbin insulin, hantarta kuma ba ta sarrafa abubuwa kamar tamu. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Akwai sababbin magungunan sha na kyanwa, Bexacat da Senvelgo, da suka fito a 2022 da 2023, amma a ƙa'ida na wadda ba ta riga ta dogara da insulin ba ne, suna kuma buƙatar awon keton akai-akai, don haka ba abin da za a yi saƙo a kawo daga waje a fara ba ne.

In an yi makonni adadi na ta hawa ba sauƙi, kafin a zargi kyanwar a duba kwalba, sirinji da hannun mai allura, a nan matsalar ta fi zama. Bayan su sai ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, ko wani ciwo a ciki. Wadda ke taka ƙasa da dunduniya maimakon yatsu, sukari ne ya taɓa jijiyoyin ƙafa, yakan gyaru cikin watanni in an daidaita shi.

Kyanwa da yawa, musamman wadda aka kama ciwon da wuri aka gyara mata abinci, takan kai inda ba ta buƙatar allura, galibi a watannin farko. Alamar ita ce lambobi na ta sauka a kan adadin da ba a canza ba, shan ruwa ya koma kamar da. A daidai wannan lokacin ne faɗuwar sukari ta fi aukuwa, don haka sai a ƙara yawan awo, likita kuma ya riƙa ragewa mataki-mataki. Ko an daina allura ba a komawa shinkafa, ciwon na iya dawowa.

Mutum ɗaya ne zai riƙa yin allura a gida, na biyu kuma ya koya tun yanzu saboda ranar tafiya ko rashin lafiya. A liƙa takarda a ƙofar firigo mai ɗauke da sunan insulin, adadin yunit, irin sirinji da lambar wayar likita, duk wanda ya yi allura ya sa alama a littafi kafin ya mayar da kwalbar. Zumar kuma a ajiye ta a wuri ɗaya da kowa ya sani, har da yara.